Haɗa Babbar Tukunyar Gas da Murhu ko Inji: Bayani Daga Ƙasar Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi

1.0 Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa itace da kara da gawayi su ne abin hura wuta na Bahaushe tun kaka da kakanni. Daga baya kananzir ya shigo tare da risho, sa'an nan kuma gas ya biyo baya. A garuruwan arewacin Jihar Zamfara, wato Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, mafi yawan masu amfani da gas sukan fara ne da ƙaramar tukunya mai kilo 3 ko kilo 6, wadda ake ɗaura mata kan murhu a bisa. Da an saba, sai a ga ƙaramar ba ta isa, a nemi mai kilo 12.5 ko 25 ko ma 50, a jawo ta da tiyo zuwa murhu ko janareto. A nan ne ake bukatar sani, domin kuwa haɗin da aka yi ba bisa ƙa'ida ba yana iya cinye gida da mutanen cikinsa. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana abin da ke cikin tukunyar gas, da kayan da ake haɗi da su, da yadda ake haɗin, da kuma dalilin da ya sa aka kafa kowace ƙa'ida.

2.0 Abin da ya kawo bukatar

Ƙaura Namoda tsohuwar mahaɗar fatauci ce. A nan ne layin dogo da ya taso daga Zariya ya tsaya a 1929, kuma tun 1983 akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a garin, wadda ta tara malamai da ɗalibai daga sassa daban-daban na Nijeriya. Shinkafi ta yi suna da kasuwarta ta ranar Alhamis, Zurmi kuwa tana kan hanyar da ta nufi Jibiya da Katsina, kusa da iyakar Jamhuriyar Nijar. Garuruwa irin waɗannan ba su rabuwa da masu shayi da masu sayar da abinci da masu tuya, kuma duk sana'o'i ne masu cin wuta daga safe har dare.

Abubuwa uku ne suka ƙara tura jama'a ga gas. Na farko, rashin tsaro. Dazuzzukan da ake samun itace, irin su Sububu da Dumburum, sun zama mafakar 'yan bindiga, har shiga daji neman itace ya koma sayar da rai. A 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako na wani lokaci, maƙwabciyarta Katsina kuma ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji. Na biyu, tsadar kananzir, wanda a da shi ne na talakan birni. Na uku, cire tallafin man fetur da Shugaba Bola Tinubu ya sanar ranar 29 ga Mayu, 2023, abin da ya sa mutane da dama suka juya janaretonsu ya koma shan gas.

Akwai kuma dalili na lafiya da na lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda hayaƙin girki ke haddasawa, ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a duniya a 2020. Ta fuskar zafi kuwa, kilo ɗaya na gas yana ɗauke da zafin da ya kai kusan ninki uku na kilo ɗaya na busasshen itace. Bugu da ƙari, murhun duwatsu uku yana watsar da mafi yawan zafinsa a iska, alhali murhun gas yana kai kusan rabin nasa ga gindin tukunya.

3.0 Abin da ke cikin tukunya

Gas ɗin girki gaurayen iska biyu ne, furofen da buten, waɗanda ake samu wajen tace ɗanyen mai da wajen sarrafa iskar da ke fitowa daga rijiyoyin mai. Wani masanin kimiyya na Amurka mai suna Walter Snelling shi ne ya gano, a wajajen 1910, cewa ana iya raba wannan iska daga fetur a adana ta a matsayin ruwa. A Nijeriya kamfanin NLNG da ke Bonny ya fara ba kasuwar cikin gida gas a 2007, a Nijar kuma matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, tana fitar da shi. Kafin gas ya iso arewacin Zamfara sai ya yi doguwar tafiya a cikin tanka.

Duk wanda ya girgiza tukunyar gas zai ji motsin ruwa. Dalili shi ne an matse iskar har ta zama ruwa. Furofen yana tafasa ne a awo 42 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyos, buten kuwa a daidai wajen sifiri. Ke nan a yanayin ƙasar Hausa dukansu biyu so suke su koma iska, ƙarfen tukunya ne kawai ya tsare su. Idan aka buɗe bawul, sai iskar da ke sama ta fita, ruwan da ke ƙasa ya tafasa ya maye gurbinta. Lita ɗaya ta ruwan tana zama lita 250 ko fiye ta iska.

Daga wannan bayani abubuwa huɗu suka fito, kuma a kansu aka gina dukan ƙa'idojin haɗi.

Na farko, ƙarfin matsin da ke cikin tukunya bai dogara ga girmanta ba. Ya dogara ne ga zafin yanayi da kuma irin gaurayen da ke ciki. Mutane da yawa suna zaton mai kilo 50 ta fi mai kilo 6 ƙarfin turi, alhali idan gas ɗinsu iri ɗaya ne, kuma suna wuri ɗaya, matsinsu ɗaya ne. A awo 20 na zafi, matsin furofen zalla yakan kai wajen ba 8, na buten wajen ba 2. A awo 40, irin zafin da ake gani a watannin Afrilu da Mayu, na furofen yakan haura ba 13, na buten ya kusa ba 4. Don a gane girman wannan, iskar tayar ƙaramar mota ba ta cika wuce ba 2 da ɗan ɗoriya ba.

Na biyu, ruwan gas yana kumbura idan ya ji zafi. Saboda haka ba a cika tukunya fal. Akan tsaya ne a wajen kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari, a bar sarari a sama. Tukunyar da aka cika fal da sanyin safiya, aka ajiye ta a rana, ba ta da inda ruwanta zai faɗaɗa.

Na uku, gas ya fi iska nauyi, furofen da ninki ɗaya da rabi, buten da ninki biyu. Idan ya tsiyaye ba sama yake yi ba, kwanciya yake a ƙasa kamar ruwa, ya bi kwata, ya taru a rami ko ƙarƙashin gado.

Na huɗu, yana kamawa da wuta idan ya kai tsakanin kashi 2 zuwa kashi 10 cikin ɗari na iskar wuri. Ɗaki mai mita uku ta kowace fuska yana ɗaukar mita 27 na murabba'in cika. Kashi 2 cikin ɗari na wannan ya ɗan wuce rabin mita, wato abin da kilo ɗaya ko ɗan fiye na gas zai samar. Tun da kuwa a ƙasa yake taruwa, abin da bai kai haka ba ma ya isa ya tashi ɗaki.

Shi gas ba shi da wari na kansa. Warin da ake ji, mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai, sinadari ne da ake zuba masa da gangan don hanci ya yi gargaɗi. Wannan al'ada ta ƙarfafa ne bayan wata makaranta ta tashi a New London ta Jihar Tekzas a 1937, inda mutum kusan 300 suka mutu saboda iskar da ta taru ba wanda ya ji ta.

4.0 Kayan haɗi da sunayensu

Kusan dukan sunayen kayan nan aro ne da Hausa ta yi ta gyara su daidai da harshenta. Tukunya kalmar gida ce da aka faɗaɗa ma'anarta, wasu kuma sukan ce silinda. Bawul da ragileta da kilif daga Turanci suka zo, tiyo kuwa daga Faransanci, abin da ke nuna daɗaɗɗiyar cuɗanya da Hausawan Nijar.

Bawul shi ne ƙofar tukunya. Ƙananan tukwane suna da baki mai zare wanda ake murɗa kan murhu a kai. Masu kilo 12.5 da yawa suna da bakin da ake danna ragileta a kai ta kama. Manya kuwa suna da abin murɗawa na hannu kamar famfo, kuma zaren bakinsu sau da yawa na hagu ne, wato ana ɗaure shi ta inda aka saba kwancewa. An yi haka ne don kada a haɗa shi da kayan ruwa ko na wata iska bisa kuskure.

Ragileta ita ce mai rage matsi. A cikinta akwai faifan roba da sifirin da ɗan marfi. Idan matsi ya yi yawa a ɓangaren murhu, sai faifan ya tura marfin ya toshe hanya. Idan ya ragu, sai sifirin ya sake buɗewa. Ta haka murhun tebur yake samun iska mai taushi, wajen miliba 28 zuwa 37, komai yawan matsin tukunya. Idan aka ɗauka matsin tukunya ba 6 ne, ke nan ragileta ta rage shi kusan sau 200. Akwai kuma ragileta mai ƙarfi wadda ake murɗawa, ita ce ta manyan murahun ƙarfe na masu dafa abincin sayarwa.

Tiyo kuwa dole ne ya zama na gas, mai zare a cikin namansa, wanda masana'anta suka buga shekarar yinsa a jiki. Tiyon ruwa ko na ban-ruwan lambu gas yana cin sa a hankali har ya bushe ya tsage. Kilif shi ne zoben ƙarfe da ake ɗaure bakin tiyo da shi. Sai kuma 'yar robar da ke cikin bakin bawul ko ragileta, wadda ita ce ke hana tsiyaya. Ba ta kai girman zoben yatsa ba, amma dai ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

5.0 Darasi daga motocin kwana na Amurka

A Amurka da Kanada akwai manyan motoci da aka ƙera da ɗakin kwana da madafi da makewayi, waɗanda iyali kan yi yawon hutu da su. Da yawansu suna da tankin furofen da aka kafe a jikin mota, ba ya ciruwa. Idan aka yada zango na tsawon makonni, sai ya zama dole a tashi da motar gaba ɗaya don neman gas. Maganin da suka samo shi ne mahaɗa mai baki uku, wadda ake sa wa tsakanin bawul ɗin tankin mota da ragiletar motar. Sai a jawo babbar tukunya ta waje da tiyo mai jure matsi a haɗa a baki na uku, a rufe tankin mota ya zama ajiya.

Abin lura a nan shi ne wurin da aka sa mahaɗar. An sa ta kafin ragileta ne, domin iskar waje ta bi ta hanyar da aka riga aka tanada don rage matsi. Idan aka shigar da iskar bayan ragileta ba tare da an rage ta ba, matsi mai yawa zai afka wa murhu da bututun cikin mota. Idan kuma aka jera ragileta mai taushi biyu, ɗaya bayan ɗaya, sai wuta ta yi rauni ko ta ƙi kamawa. Ƙa'idar ke nan a ko'ina: kowane murhu ko inji yana da matsin da aka ƙera shi dominsa, kuma shi za a ba shi, ba ƙari ba ragi. Mai shayi a tashar Shinkafi da mai motar kwana a Amurka duk ƙa'ida ɗaya suke bi.

6.0 Yadda ake haɗi

Mataki na farko shi ne a san irin murhun. Kan murhun da ake murɗawa bisa ƙaramar tukunya yana aiki ne da cikakken matsi, ta wata 'yar ƙofa mai kamar tsinin allura. Idan aka ba shi iska ta ragileta mai taushi, wutarsa ba za ta dafa ko ruwan shayi ba. Murhun tebur kuwa ƙofarsa ta fi faɗi, don haka idan aka haɗa shi kai tsaye ba ragileta, ko da ragileta mai ƙarfi, wuta za ta yi tsalle ko tiyo ya fizge.

Na biyu, a duba tukunya. Hukumar kula da ingancin kaya ta Nijeriya ta ƙayyade shekara 15 a matsayin tsawon rayuwar tukunya, tare da sake gwada ta duk bayan shekara 5. Shekarar ƙira da nauyin tukunya ba komai a ciki suna buge a wuyanta ko gindinta. Tukunya mai tsatsa a gindi, ko lotsawa, ko tabon walda, ba abin saye ba ce, ko da an yi mata sabon fenti. Araha ba ta ado.

Na uku, a zaɓi wuri. Babbar tukunya wurinta waje, a inuwa, inda iska ke kaɗawa, a tsaye bisa daɓe, nesa da kwata da bakin masai da rijiya da murhun itace. Rumfar zana ko ta kara ba ta dace ba. Ba a kwantar da tukunya, domin idan ta kwanta ruwa ne zai shiga ragileta maimakon iska, ya kumbura a cikin tiyo. Idan nisa ya wuce mita biyu, bututun jan ƙarfe ya fi dacewa da dogon tiyo, kuma aikin gwani ne.

Na huɗu, a kashe duk wata wuta da ke kusa, a tabbata makunnan murhu a rufe suke, a duba 'yar robar baki, a ɗaura ragileta, a cusa tiyo har ƙarshen bakinsa, a ɗaure kilif a kowane gefe. Waya ko tsumman roba ba sa maye gurbin kilif.

Na biyar, a buɗe bawul a hankali, a shafa kumfar sabulu a kowace mahaɗa. Inda kumfa ta yi ƙwai tana girma, nan ne tsiyaya take. Sai a rufe a gyara a sake gwadawa. Ba a gwada tsiyaya da ashana. Wutar da ta fito shuɗiya, ba ƙara, ita ce daidai. Mai launin ɗorawa da ke baƙanta gindin tukunya tana nuna iska ba ta isa ba ko kan murhu ya toshe.

7.0 Ribar babbar tukunya da iyakarta

Bakin wuta ɗaya na murhun gida, idan an buɗe shi sosai, yakan sha wajen giram 150 a awa. Bisa wannan lissafi mai kilo 6 za ta yi awa 40, mai kilo 12.5 ta haura awa 80, mai kilo 50 kuma ta wuce awa 300. A inda fita kan hanya ke da haɗari, rage yawan tafiya neman gas ba ƙaramar riba ba ce.

Riba ta biyu ta shafi tafasar ruwan gas. Kafin ruwan ya zama iska sai ya jawo zafi daga jikin ƙarfe. Idan ana jan iska da sauri daga ƙaramar tukunya, sai ta yi sanyi, raɓa ta keto mata, matsi ya faɗi, wuta ta yi rauni ko janareto ya mutu alhali akwai sauran gas. An fi ganin haka da asubahin hunturu, musamman idan buten ya fi yawa a gaurayen. Babbar tukunya tana da faɗin jikin da zai jawo zafi isasshe. Maganin raɓa ke nan. Kusantar da tukunya ga wuta ko zuba mata tafasasshen ruwa ganganci ne.

Tun da matsi ba ya sauka sai ruwa ya kusa ƙarewa, hanyar sanin abin da ya saura ita ce sikeli: a auna, a cire nauyin tukunya. Sikelin ne kuma ke kare mai saye daga tauye mudu da kuma cikawa fiye da kima.

Babban haɗari shi ne juye gas daga babbar tukunya zuwa ƙarama a gida ko a shagon cikin unguwa. A wajen juye iska takan fita da yawa, kuma da wuya a tsaya a kashi 80. Ranar 4 ga Janairu, 2020, wani shagon cika gas ya tashi a Sabon Tasha ta Kaduna, kuma cikin waɗanda suka rasu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta Nijeriya. Tun bayan dokar man fetur ta 2021, hukumar NMDPRA ce ke ba da lasisin wuraren cika gas.

8.0 Janareto da mota

Janareton fetur yana iya shan gas idan aka sauya masa kabureta. Sabuwar tana zuwa da ragileta ta musamman wadda ba ta sakin iska sai inji ya zuƙa, ta yadda idan ya mutu iska za ta tsaya. Haɗin da ba shi da wannan yana ci gaba da zubar da gas bayan inji ya mutu. Tukunya kuma a nisanta ta daga salansa. Sauya mai bai kawar da gubar hayaƙi ba, saboda haka janareto a waje yake kwana, ba a zaure ko ɗaki ba.

Ya kamata kuma a bambanta gas ɗin girki da matsattsiyar iskar mota da gwamnatin tarayya ta yayata a 2023. Ita waccan ana adana ta ne a matsin ba 200, a cikin tulu mai kauri da aka ƙera dominta. Tukunyar girki ba za ta jure ko kusa da haka ba. Wajen ɗaukar tukunya a babur ko a mota kuwa, a cire ragileta, a tsayar da ita, a ɗaure, kada a bar ta cikin rufaffiyar mota a rana.

9.0 Idan aka ji wari

Kada a kunna ashana, kada a taɓa makunnin lantarki, ko don kashewa ne, domin tartsatsinsa ya isa. A rufe bawul, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da yara da tsofaffi, a kashe garwashin da ke tsakar gida. Idan wuta ta kama a tiyo kuma hannu zai iya kai wa bawul, rufe shi ne ke kashe ta. Idan kuwa wuta ta lulluɓe jikin tukunya, babu abin yi sai a nisanta jama'a a kira 'yan kwana-kwana, domin ƙarfen da ya yi zafi yana iya fashewa.

10.0 Kammalawa

An ga cewa girman tukunya ba shi ke kawo haɗari ba. Rashin dacewar ragileta da murhu, da ruɓaɓɓen tiyo, da mugun wurin ajiya, da juye na gida, su ne ƙofofin da wuta ke shigowa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mafi yawan gargaɗin da ke jikin kayan gas da Turanci aka rubuta shi, alhali masu girki da masu shayi na Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi da Hausa suke aiki. Aiki ne da ya rataya a wuyan ɗaliban Hausa da malamansu su tattara kalmomin wannan sana'a daga bakin masu ita, su daidaita su, su mayar da ƙa'idojin nan cikin boko da ajami yadda za a karanta su a shago da makaranta da gidan rediyo.